ƁARAWON ƘWAI MAI JAN CIKI

Da wuya ka shiga gidan malamin makaranta ko na akawu, a birni ko a ƙauye, ba ka ji kukan kaza daga bayan ɗaki ba. Dalili kuwa sananne ne. Albashi ba kullum ya ke kai mutum ƙarshen wata ba, kaza kuwa asusu ce wadda a ke ɗiba ba tare da an cika takarda ba. In baƙo ya sauka a kama ɗaya, in yaro ya kwanta ciwo a kai zakara kasuwa, uwargida kuma ta tara ƙwai ta sayar wa mai shayi ta sami na sabulu da gishiri. Saboda haka ran da aka wayi gari aka ga gurbi wayam, magana ta kan tashi a gida, wani lokaci har ta kai ga ɓata zumunci. Na ga haka da idona, ni ne ma na ta da maganar, shi ya sa na ga ya kamata in rubuta wannan bayani, ko wani ya tsira daga kuskuren da na yi.

A wata kwalejin horon malamai inda na yi koyarwa, muna da akurki don koya wa ɗalibai kiwo. Ko wane wata a kan danƙa wa ɗalibi ɗaya mabuɗi, shi zai yi shara, ya ba da dusa da ruwa, ya ƙidaya ƙwai ya rubuta a littafi. Da ruwan farko ya sauka, sai lissafi ya fara ruɗewa. Wata kaza tana kwanci bisa ƙwai 12, aka wayi gari saura 8. Aka yi kwana shida lafiya, sa'an nan 3 suka sake ɓacewa. Babu ɓawo, babu alamar fashewa, ƙofa kuwa a kulle. Mabuɗin yana hannun wani yaro mai kunya, ɗan talakawa, wanda kowa ya san ba ya da kuɗin kashewa. Ban tsaya wani bincike ba, na kira shi gaban 'yan ajinsu na ce ya faɗi inda ya ke kai ƙwan makaranta. Ya yi ta rantsuwa, ban saurara ba, na ce in aka sake rasa ko da guda zan rubuta cikin takardar shaidar halinsa. Ku malamai kun san nauyin wannan magana, don takarda ce da za ta bi shi duk inda ya je neman aiki.

Da la'asar tsohon maigadinmu ya same ni, ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni kwana uku kafin a yanke wa yaron nan hukunci." Na ce na ba shi. Da kaji suka shiga, sai ya ɗebo toka daga madafa, ya tankaɗe ta da rariya bisa daɓen akurkin da kewayensa. Dare biyu ba a ga kome ba sai sawun ɓeraye. Ran na uku da sassafe ya kira ni. Ga wata hanya a cikin tokar, mai faɗin yatsa uku, a lanƙwashe kamar an ja igiyar guga. Ta fito daga tsibin tsofaffin tubala da kara da ke bayan ɗakin ajiyar dusa, ta shige ta ƙarƙashin ƙofa, inda gara ta cinye katako.

Ɗalibai suka taru suka shiga kwashe tubalan. Yaron nan da na zarga, don ɗokin ya wanke kansa, shi ne a kan gaba da 'yar guntuwar sanda. Sai ga baƙin kumurci, ya kusa ƙafa 6, ya miƙe ya fasa kai. Kafin yaron ya ɗaga sandar ya tsarta masa dafi a ido. Maigadi ya ja shi zuwa bakin famfo, ya yi ta kwarara masa ruwa, muka ɗauke shi sai asibiti. Ya yi kwanaki ido a kumbure yana zubar da ruwa, amma Allah ya sa bai makance ba. Da ya dawo na nemi gafararsa a gaban ajin da na kunyata shi. Ƙwan da aka rasa duka ba su kai 10 ba, amma saura kaɗan su jawo asarar mutuncin yaro da idonsa. Garin neman gira a rasa ido ke nan.

KAFIN KA ZARGI KOWA, NEMI SHAIDA

Masu cin ƙwai a gida suna da yawa, ko wanne kuwa da irin alamar da ya ke bari. Ɓera da gafiya su kan huda ƙwai su ɓarje bakinsa, su bar ɓawo a kusurwa tare da kashinsu. Hankaka da rana ya ke zuwa, ya soke ƙwai da baki ya tashi da shi, a tsinci ɓawon a gindin itace. Tunku ya kan fasa ya lashe, sau da yawa kuma ya kan haɗa da kazar. Damo da guza su ma da rana su ke yawo, sawunsu yana da farata a gefe biyu da zanen wutsiya a tsakiya. Kare ya kan saba, in ya ɗanɗana sau ɗaya. Har ita kanta kazar ta kan fasa ƙwanta ta shanye in abincinta ya rasa sinadarin da ke gina ɓawo. Ita wannan sai ka duba bakinta da ƙirjinta, za ka ga busasshen gwaiduwa, gurbin kuma a jiƙe. Maganinta a ƙona ƙashi a daka a riƙa zuba mata cikin dusa.

Alamar babban maciji daban ce. Ƙwai uku ko huɗu su ɓace dare ɗaya, ba ɓawo ba danshi, sa'an nan a yi kwanaki ba a rasa kome ba, domin in ya ƙoshi ya kan koma maɓoyarsa har abincin ya narke. Kaza mai kwanci ta ƙi komawa gurbinta, ko a tarar da ita a mace ba rauni a fili. Kaji su ɗauki ƙara cikin dare. Wani lokaci a ga saɓarsa a maƙale a danga ko a tsagar bango. In ka ga ɗaya daga cikin waɗannan, yi dabarar maigadinmu. Toka, ko lallausan rairayi, ko garin rogo, duk suna yi, kuma ba ka kashe ko kwabo ba. Sawun zai gaya maka abu biyu, watau wane ne ɓarawon, da kuma ta inda ya ke shiga. Na biyun nan shi ya fi amfani.

WAƊANNE MACIZAI NE?

Wanda ya fi kowa wannan aiki a ƙasar Hausa shi ne kumurci, wanda a waɗansu wurare a ke kira gamsheƙa. Baƙi ne ko toka-toka mai duhu, galibi da ja-ja a ƙarƙashin wuya, babba ya kan kai ƙafa 6 ko 7. Da dare ya fi fita, da rana ya ɓuya a cikin suri, ko ramin ɓera, ko kogon itace. Ya iya hawa ƙwarai, katanga da rufin ciyawa ba su gagare shi ba. Abincinsa kwaɗi, da ɓeraye, da ƙadangaru, da 'yan tsaki, da ƙwai. Yana haɗiye ƙwai ɗungum da ɓawonsa, domin haƙarƙarin bakinsa na ƙasa ɓari biyu ne waɗanda wata jijiya mai miƙewa ta haɗa, saboda haka bakin ya kan buɗe fiye da girman kansa. In ya ga an tsare shi, ya kan fesa dafi daga fiƙoƙinsa, yana auna idon mutum, feshin kuwa ya kan kai ƙafa 6 zuwa 10. Yana da ɗan'uwa wanda ba ya feshi amma shi ma yana shiga akurki, shi dafinsa jijiyoyi ya ke kashewa har numfashi ya tsaya.

Akwai kuma wani ɗan siririn maciji, bari mu kira shi sha-ƙwai, wanda ba ya cin kome a duniya sai ƙwan tsuntsu. Ba ya da dafi, haƙoransa ma ba a bakin kome su ke ba, da wuya kuma ya wuce ƙafa 3. In ya haɗiye ƙwai, waɗansu tsinin ƙasusuwan bayansa da suka leƙo cikin maƙogwaro su ke tsaga ɓawon, ya matse ruwan ya wuce ciki, sa'an nan ya amayar da ɓawon a naɗe kamar ɗan kwalekwale. In ka tsinci irin wannan ɓawo a gurbi, to, shi ne. Ya fi damun masu tantabaru, sai babba daga cikinsu ke iya ƙwan kaza. Amma fa a yi hankali, waɗansunsu zanen jikinsu ya yi kama da na kububuwa, har su kan naɗe su goga ɓamɓarokin jikinsu su yi sauti irin nata don tsoratarwa. Kada wanda ya ce ya gane bambancin ya kai hannu.

Mesa kazar ta ke nema gaba ɗaya, ba ta da dafi, naɗewa ta ke yi. Kasa da kububuwa ba su damu da ƙwai ba, amma su kan zo kwanton ɓeraye inda hatsi ke zuba. Mai zuwa ɗaukar ƙwai da asuba ba takalmi, su ne abin tsoronsa.

ABIN DA KE KIRANSA

Hausawa sun ce in ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Maciji ba ya baro daji don ya ji labarin kajinka. Da harshensa ya ke shinshina, yana bin warin abinci. Inda a ke watsa tsaba da dusa a ƙasa a bar su su kwana, nan ɓeraye ke taruwa su haƙa ramuka. Inda kaskon ruwa ke malala ƙasa ta jiƙe, nan kwaɗi ke kwana. Maciji ya biyo ɓera da kwaɗo, ya tarar da ƙwai mai ɗumi wanda ba ya gudu ba ya cizo, ga kuma tsibin kara ko juji kusa inda zai kwanta. Me zai mai da shi daji? A kwalejinmu mu muka tanadar masa duka ukun, abinci da ruwa da masauki, sa'an nan muka koma muna zargin yaro.

Abin ya fi yawa da farkon damina, lokacin da ruwa ya cika ramuka, kwaɗi suka fito, ciyawa ta tashi har gindin katanga, da kuma kaka, sa'ad da aka shigo da dammunan hatsi da kara gida, ɓeraye suka biyo su.

GYARAN AKURKI

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ga abubuwan da muka yi bayan wannan wahala, ba mu kuma sake rasa ƙwai ta wannan hanya ba har na bar wurin:

1. A share kewayen akurki ƙafa 10 ko wane gefe, a bar ƙasa fili ƙwal. A nisantar da kara, da itacen wuta, da tubala, da tsofaffin kwanoni, da juji. In reshen itace ya sauko bisa rufin, a sare. Maciji ba ya son ƙetare fili inda shaho da mutane za su gan shi.

2. A kwashe ƙwai sau biyu a yini, da azahar da kuma kafin magariba. Kaji da safe su ka fi yin ƙwai, don haka babu dalilin da zai sa ƙwai ya kwana a gurbi sai na kwanci. Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki, balle ƙwan da aka bar wa dare.

3. A ba kaji abinci a cikin mazubi, gwargwadon abin da za su cinye, da yamma a ɗauke saura a share wurin. Dusa da tsaba a ajiye su cikin garwa ko duro mai murfi. A ɗora kaskon ruwa bisa dutse, a zubar da ruwan da dare. Kyanwa a gida tana rage ɓeraye ƙwarai.

4. In akurkin na ƙasa ne, a duba gindinsa ciki da waje, a toshe ramukan ɓera da tsakuwa da fasassun kwalabe, a yi sabon daɓe, a yaɓe da siminti in da hali. Ƙa'ida ita ce, duk kafar da ƙaramin yatsanka ya shiga, a toshe ta. A duba musamman ƙarƙashin ƙofa da tsakanin bango da rufi.

5. Wayar kaji da a ke sayarwa mai manyan idanu tana tsare kaza kada ta fita, amma maciji ya kan ratsa ta kamar babu. Mugun abin ma shi ne, ya kan shiga da cikinsa a lafe, in ya haɗiye ƙwai ya kasa fita, da safe yaro ya buɗe ƙofa su yi kiciɓis. A nemi raga ta ƙarfe mai ido rubu'in inci, watau milimita 6, a rufe tagogi da ita. Kada a toshe tagogin da laka don gudun maciji, kaji suna bukatar iska, in babu ita zafi da ciwo za su yi maka ɓarnar da ta fi ta maciji.

6. Wanda zai sa kafinta ya yi masa sabon akurki, ya ce a ɗaga shi ƙafa 3 daga ƙasa bisa sanduna masu santsi, a sa wa ko wace sanda hular langalanga mai kama da mazurari a kife, don ɓera ya kasa hawa. A riƙa ɗauke tsanin kaji da dare. A bar ƙarƙashinsa fili yadda ido zai ga kome.

7. Kaza tana kwanci kwana 21, in ƙwan zabi aka sa mata kuwa kwana 26 zuwa 28. Duk wannan lokaci tana zaune wuri ɗaya dare da rana, ita ce ta fi kowa shiga hatsari. A yi mata akwati na musamman mai raga da ƙofa, a riƙa buɗe mata sau ɗaya a yini ta ci ta sha ta koma. Al'adar barin kaza ta yi gurbi a fasasshiyar tukunya a ƙarƙashin rumbu, cikin duhu, ita ce ta fi kome muni.

8. Kada a kwana ɗaki ɗaya da kaji. Mutane da yawa su kan shigar da su ɗakin barci don tsoron ɓarayi, alhali kuwa kiran kumurci su ke yi har bakin shimfiɗa. Wani bincike da likitoci suka yi a ƙasar Malumfashi, aka buga shi a 1980, ya nuna yawancin waɗanda kumurci ya sara a cikin gida ya same su, da dare, da yawa suna barci. A yi akurki nesa da ɗakunan kwana, a kwanta bisa gado, a soke gidan sauro ƙarƙashin katifa ko tabarma.

Zabi suna da amfani wajen ƙararrawa, don in sun ga abin da ba su yarda da shi ba su kan cika gida da kuka. Amma ƙararrawa ce kawai, ba su isa su tsare akurki ba.

MAGUNGUNAN DA BA SU HANA SHI

Kowa ka tambaya yana da nasa. Wani ya ce a zagaye akurki da farar wuta, wani ya ce kananzir ko baƙin mai, wani ya ce ƙwayoyin kafur, wani ya ce tafarnuwa. An gwada farar wuta da kafur a Amurka, aka shimfiɗa su a hanyar macizai, suka bi ta kai suka wuce abinsu. Abin da ya kan ruɗi mutane shi ne, maciji da ma in ya ƙoshi ya kan yi kwanaki bai dawo ba, sai mai gida ya ce maganinsa ya ci. Banda rashin amfani, kafur guba ne ga kaji da yara, baƙin mai yana ɓata ƙasa da ruwan rijiya, kananzir kuwa kusa da rufin ciyawa kowa ya san ƙarshensa.

Waɗansu kuma su kan ɗura fiya-fiya ko maganin ɓera cikin ƙwai su ajiye a gurbi, ko su cusa ƙugiyar kamun kifi. Ina roƙon masu karatu su guji wannan. Ƙwan da ka sa wa guba ba ya da rubutu a jikinsa, ba ka san ko kare ne zai ɗauka ko ɗan maƙwabcinka ba. In kuma macijin ya kamu da ƙugiya, ka ɗaure wa kanka fusataccen kumurci a cikin akurki. Ko ka kashe wannan ma, muddin kafar tana nan, ɓeraye suna nan, wani zai gaje shi.

IN KA TARAR DA SHI A CIKI

Da fari a kori yara da taron 'yan kallo. A tsaya nesa, fiye da ƙafa 10, mai tabarau ya sa. Maciji ba ya neman faɗa da mutum, mafita ya ke nema, yawancin sara kuwa yana aukuwa ne sa'ad da aka taka shi ko aka ritsa shi. A buɗe ƙofar da doguwar gora, a kauce daga hanyarsa, a bubbuga bangon baya, ko a watsa masa ruwa daga nesa. Sau da yawa zai fice ya nufi daji, sa'an nan a toshe kafar tun ran nan. In akwai wanda ya ƙware da kama macizai a garinku, ko ma'aikatan daji, a kira su. Kada a cinna wa akurki wuta, kada a zuba fetur.

In ya maƙale a tsakiyar gida, babu yadda za a yi sai kisa, to, aikin babban mutum ne, da rana, da doguwar gora, da takalmi mai rufi, da abin tsare ido. Ba aikin ɗalibai ba ne, ba kuma wurin nuna jaruntaka ba ne. Bayan an kashe kada a taɓa kan, domin kan maciji ya kan yi sara ko bayan an datse shi. A ɗauke da shebur a binne da zurfi. Wanda kuwa ka gamu da shi a daji yana harkarsa, ƙyale shi. Ɓerayen da ya ke ci a shekara, da sun shiga rumbunka, da ɓarnarsu ta fi ƙwai goma nesa.

IN TSAUTSAYI YA AUKU

In dafi ya shiga ido, babu abin da ya fi ruwa, kuma nan take. A buɗe fatar idon a yi ta kwarara ruwa mai tsabta, buta bayan buta, kamar minti 15. In babu ruwa kusa, madara ta yi kafin a samo. Kada a murza, kada a ɗiga ruwan ganye ko kwalli. Sa'an nan a tafi asibiti ko da zafin ya lafa, don dafin ya kan ƙuje baƙin ido, in ƙwayar cuta ta shiga ƙujewar a nan makanta ke farawa. Likita David Warrell, Baturen Ingila wanda ya yi aiki a asibitin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, shi da abokin aikinsa sun buga bayani a 1976 game da mutanen ƙasar nan da suka rasa ido ta wannan hanya. A fata mai lafiya kuwa dafin ba ya kome, a wanke kawai.

In sara ne, a kwantar da hankalin mutum, a zaunar da shi, a cire zobe da agogo da warwaro tun kumburi bai tashi ba. A ɗaura wa hannun ko ƙafar kara yadda a ke yi wa karaya, sako-sako, don kada ya riƙa motsi. A ɗauke shi, kada ya tafi da ƙafarsa in da hali. In yana amai a kwantar da shi ta gefe. Kada a ɗaure da igiya tamau, kada a yi tsaga, kada a tsotsa, kada a sa ƙaho ko baƙin dutse, kada a ba shi asfirin. Dafin kumurci mai feshi nama ya ke ruɓarwa, ɗaurin igiya kuwa ƙara masa ƙarfi ya ke yi, har ya kai ga yanke hannu. Dafin kububuwa jini ya ke hana daskarewa, saboda haka tsagar aska ta kan zama ƙofar da jini zai yi ta zuba. Mutum ya kan ga kamar ya sami sauƙi ran farko, sa'an nan jini ya ɓarke ta dasashi da fitsari. Ba banza aka yi mata laƙabi da gobe-da-nisa ba.

Maganin da aka tabbatar shi ne allurar kashe dafi, a asibiti. Akwai wadda a ke kira EchiTAb-Plus, a ƙasar Kosta Rika a ke yin ta daga jinin dawaki, da dafin macizan Nijeriya aka shirya ta, tana aiki a kan kububuwa da kasa da kumurci mai feshi. A Kaltungo ta Jihar Gombe akwai asibiti na musamman don masu saran maciji. Ba ko wane ƙaramin asibiti ke ajiye allurar ba, don haka ya kamata ko wane shugaban makaranta da mai unguwa ya bincika tun yau ina ne mafi kusa da a ke samunta, ya rubuta ya ajiye, kada sai dare ya tsala a shiga tambaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum 81,000 zuwa 138,000 ke mutuwa ko wace shekara a duniya saboda saran maciji. A 2017 ta sa shi cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi wa sakaci, a 2019 kuma ta fito da shirin rage mace-mace da naƙasa da rabi kafin 2030.

GA MALAMAI MUSAMMAN

A yawancin gidajenmu yara a ke aika ɗauko ƙwai, su ne kuma ke zura hannu cikin tukunya mai duhu ba su duba ba. Darasin minti goma ya isa ya tsare hannun yaro. A koya musu abu huɗu: kada su je akurki ba takalmi, kada su je da duhu ba tocila, kada su sa hannu inda idonsu bai gani ba sai sun fara taɓawa da sanda, in kuma sun ga maciji su ja da baya su kira babba. Malamin da ke da gonar makaranta ya fita da ajinsa, su tankaɗe toka da yamma, da safe su zo su karanta sawun da aka bari. Yara ba su manta irin wannan karatu.

Yaron nan na kwalejinmu yanzu malami ne, yana da iyali da kajinsa. Mun gamu a wajen wani taro, muka gaisa, ya ce mini har yau in iska mai ƙura ta taso idon nan na hagu ya kan yi masa ruwa. Bai faɗa don ya tuna mini da laifina ba, amma na tuna. Saboda haka, jama'a, in ƙwai ya ɓace a gidanku, a fara da toka da rariya kafin a kira sunan kowa, a toshe kafa kafin a ɗauki sanda. Allah ya kiyashe mu da iyalanmu, ya sa albarka a abin da mu ke kiwo, amin.